Ƙwaryar da Na Kai Zauren Maigari

Da ana kwance aikin da aka riga aka yi kamar yadda ake kwance igiyar guga, akwai guda da zan fara kwancewa a sana'ata ta rainon dashen albasa. Na taɓa cika ƙwarya da wani abu da ban san ko mene ne ba, na rufe da faifai, na kai ƙarar ɗan kawuna gaban Maigari. Mutanen garinmu har yau dariya suke yi in an tuna, ni ma ina taya su. Amma saura ƙiris garkata, wato lambuna, ta rasa ruwa a sanadin ƙwaryar nan, kuma mai rainon dashe in ba shi da ruwa, ya tashi daga aiki.

Da ku nake, samarin da kuke tsayawa da babur bakin shinge kuna cewa, “Baba Bawa, ai wanga aiki ba wuya, watsa iri na da ban ruwa.” To ku saurara.

Aikin farko da Kawu Labbo ya ba ni, ranar da uwata ta kai ni wurinsa, tankaɗen taki ne. Kawu Labbo yayan uwata ne, garkarsa tana bayan gidansa a ƙauyenmu na ƙasar Shagari. Ya nuna mini tarin kashin awaki da ya shekara a inuwa, ya ce in tura hannu ciki. In da ɗumi, takin bai nuna ba, zai ƙone iri. In ya yi sanyi, ya yi baƙi, ƙanshinsa ya koma na ƙasa, to a daka shi a tankaɗe da rariya kamar za a yi tuwo da shi. Na yi wannan aikin har na ɗauka kawuna ya manta cewa albasa na zo koyo.

Daga nan sai fangali, wato ɗan kwamin da ake watsa iri a ciki. Da kalme, wato fartanya, ake tayar da gefensa, da tafin hannu ake daidaita cikinsa. In ka gama, ka zuba ruwa cikin wasaki guda, wato gugan fata, ka tsaya ka ga inda zai gudu. In ya taru a kusurwa ɗaya, irin wannan kusurwar zai ruɓe, na ɗayar ya mutu da ƙishi, sai ka sake. Irin albasa kuwa ƙanana ne baƙaƙe, ba a watsa su zalla, sai an cuɗa da rairayi don kada su faɗi tsibi-tsibi. A rufe da busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, domin ruwan guga kai tsaye yakan tone irin ya kwashe. Ran da ka ɗaga ciyawa ka ga tsiro ya fito a lanƙwashe kamar allurar da aka tanƙwara, ran nan za ka yaye rufin. Ka yi jinkiri, ya yi dogon wuya ya faɗi. Ka yi gaggawa, rana ta dafa shi. Daga ranar da aka yaye rufi kuwa, dashe jinjiri ne, ba ya haƙurin ƙishi ko na yini guda.

Akwai wata ɗabi'a ta Kawu Labbo da ban ɗauka ba. Kowace safiya kafin ya taɓa jigon jan ruwa, sai ya tsuguna bakin fangali ya yi shiru yana kallo, kamar wanda ya yar da allura. Ni na ɗauka gajiyar tsufa ce. Ɗansa Altine shi ya gaji wannan tsugunon, ni na gaji kalme. Altine tsarana ne, kuma taubashina, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Kun san wasan: ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ga shi kuma sunana Bawa, sai abin ya yi masa daidai. Bai taɓa kirana ba tare da ya ƙara wa sunan wutsiya ba. “Bawana, taho ka ja mani ruwa.” Ni kuma in ce masa raggon ubangiji, wanda ciyawa ke tsiro a ƙarƙashinsa in ya zauna.

Da na yi aure, Kawu Labbo ya yanka mini gefen garkar da ke manne da bayan gidana ya ba ni kyauta. Bayan rasuwarsa sauran ya zama gadon Altine da ƙannensa, rijiya kuma ta faɗa ɓangarensu. Ba ni da haƙƙi a rijiyar nan sai na zumunta. Mun bar 'yar kafa a shingen da ke tsakaninmu, ta nan nake shiga in ja ruwa, na bi da shi ta 'yar ƙorama zuwa fangalina. A da, darnin kara muke yi, kowace shekara a sake. Daga baya na gaji da sakewa, na dasa lalle a jere ya zama shinge mai rai.

Masu sayen dashe iri-iri ne. Daga Lambara suke zuwa, da Dandin Mahe, har da wasu daga wajen Bodinga, idan an kawar da gero ana shirin noman rani. Wanda ya san aiki ba ya duban ganye. Tsugunawa yake ya tuge guda ɗaya ya dubi saiwa, ya murza wuyan da yatsu ya ji ko ya yi ƙarfi kamar tsinken tsintsiya. Wanda bai sani ba shi ke neman fangalin da ya fi tsawo da kore, wanda in an kai shi gona zai kwanta. Akwai kuma wanda zai kushe maka dashe tun daga sallama har ya gama ɗaurawa a kan jaki. Wannan shi ne abokin ciniki na gaskiya, baɗi ma zai dawo.

Shekarar da nake ba ku labari, masu saye sun yi mini alkawari da yawa, sai na ƙara fangali. Takina bai isa ba. Na samo kashin kaji daga wani mai kiwo, na zuba, ban tura hannu na ji ba. Iri ya fito da kyau, sannan ya fara mutuwa fegi-fegi, wuyan ya ƙanƙance ya faɗi. Ga fara ta taso daga daji da ciyawa ta bushe, tana aske abin da ya rage. Ina leƙawa ta saman lalle, na Altine kore shar, shi kuwa yana tsugune yana kallo kamar kullum. Mutanen da suka yi mini alkawari suka riƙa wucewa ta ƙofata suna shiga tasa.

Ana cikin haka na ga abin. A jikin rassan lalle, wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne manne, girman babban ɗan yatsa, launin ƙasa-ƙasa, kamar an tofa kumfa ta bushe ta yi tauri. Na ɓanɓaro ɗaya, ba nauyi, ga wasu layuka a jikinsa kamar ɗinki. Na duba ko'ina a garkar, babu su sai a shingen da ke tsakanina da Altine. Wani mai saye da ya zo ya juya abin a hannunsa, ya ajiye da sauri, ya goge yatsu a riga.

“Malam Bawa, wanga ba banza ba. Ɗauri na. Wa ad da wancan gehe?”

Sammu yake nufi, wancan gefen kuwa na Altine ne. Waɗanda na fara samu na jefa su wuta. Da na ga wasu sun sake bayyana, sai na ce waɗannan shaida ce, na riƙa yanko su da 'yan rassansu ina tarawa a ƙwarya, na rufe da faifai na sa a saman rumbu. Na daina gaida Altine. Ruwa kuwa ban daina ja ba, sai dai in faki lokacin da ya tafi kasuwa ko masallaci. Na share fangalin da suka mutu, na nemo tsohon taki, na sake shuka. Ranar da na yaye wa sabuwar shukar rufi, na ce ba zan bari a kashe mini wannan ma ba. Na sauko da ƙwarya na nufi gidan Maigari.

Da hantsi ne, zauren cike da dattawa. Aka aika aka kira Altine, ya zo da ƙannensa biyu, suka zauna ta wajen ƙofa. Na faɗi na yi gaisuwa.

Maigari ya ce, “To Bawa, mi ka tahe da kai?”

“Ranka shi daɗe, ɗauri anka yi ma garkata. Dashena ya mutu, na maƙwabci bai mutu ba. Ga abin da nis samu ga shingenmu.”

“Kana nuhin Altine?”

“Ranka shi daɗe, shinge dai namu na mu biyu.”

Ƙannen Altine suka dubi juna. Maigari ya nuna ƙwaryar da haɓa ya ce in buɗe.

Na ɗaga faifai. Abin da na fara gani shi ne cikin ƙwaryar yana motsi. Wasu 'yan halittu ne, kowane bai fi sauro ba, masu dogayen ƙafafu, sun cika ta maƙil. Suka kwararo ta baki, suka hau hannuna, suka bazu a kan tabarma. Dattawa suka fara tattare riguna. Ɗaya ya bi ƙafar Maigari ya hau gwiwarsa, ya tsaya, ya juya ɗan kansa ya dubi jama'a, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu ya dunƙule a gaban ƙirji.

Wani tsoho da ke gefe ya sunkuya ya ƙura masa ido, ya yi masa tambayar da muke yi muna yara in mun kama babba: “Ƙoƙi-ƙoƙi, ƙaƙa ubanka ka dambe?”

Dariyar da aka yi a zauren nan, har matan cikin gida sun aiko a ji ko lafiya. Ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi na tara, na yi masa ɗaki mai ɗumi a saman rumbu, ya ƙyanƙyashe. Ƙannen Altine ne kaɗai ba su yi dariya ba. Da aka lafa Maigari ya share hawaye, ya daidaita fuska, ya ce ƙazafin sammu ba ƙaramin abu ba ne, Altine yana da ikon neman haƙƙinsa. Ya tambaye shi me zai ce.

Altine ya ce, “Allah shi ba ka nasara, wanga bawana na, kowa ya sani. Wa yat taɓa ganin bawa ya kai ubangijinai ƙara in ba wasa ba? Wasan taubasai na. Ya dai wahal da ku.”

Da haka maganar ta mutu a zaure, don ba a shari'a a kan wasan taubasai. Amma ba ta mutu a garka ba. Washegari da sassafe na ɗauki wasaki na nufi kafar shinge, na tarar an toshe ta da ƙayar magarya. Ƙannen Altine ne suka yi, kuma da gaskiyarsu. Na waiwaya na dubi fangalina da na yaye wa rufi jiya, tsiro siriri kamar gashi. In rana ta take bai sha ba, shekarar ta tafi, don ba ni da sauran iri.

Na zagaya ta titi na shiga ta ƙofar gidansu kamar baƙo. Na sami Altine tsugune kusa da rijiya, yana fuskantar lalle. Na yi sallama.

“Amin, alaikumus salamu. A'a, malamin tsibbu. Yau ba ƙwarya?”

“Ruwa nika so, Altine.”

“Tsuguna nan. Sannu, kak ka girgiza reshe.”

Na tsuguna. Ya nuna mini da ido. Sai da na daɗe ina dubawa kafin na gan ta, don launinta da na ganyen ɗaya ne. Ƙoƙi-ƙoƙi ce babba, tsawon ɗan yatsa da rabi, cikinta ya yi nauyi, tana maƙale a reshe kanta ƙasa, hannuwa a naɗe.

“Wagga ita ta bokanyar da tay yi ma ɗauri. Da idona nig ga tana zuba kumfar, tana murza ta da wutsiya awa mai yaɓen ɗaki. Yau ita ta alƙali. Ba ka jan ruwa sai ta karya kumallo.”

“In ba ta kama komi ba hwa?”

“Sai ku yi azumi tare, kai da ita da albasakka.”

Ban taɓa zama na kalli ƙwaro ba sai ranar. Ba ta yawo neman abinci, wuri ɗaya take zaɓa ta kafe. Can sai ta ɗan yi lilo gaba da baya, daidai yadda iska ke kaɗa ganye. Na motsa ƙafata da ta yi sanyi, sai ta juyo da kai kaɗai, jikin bai motsa ba, ta dube ni ido cikin ido kamar mutum. Tururuwa ta bi ta kan reshen, ta wuce ta gabanta, ko kallo ba ta ishe ta ba. Ƙuda ya sauka nesa kaɗan, ta bi shi da kai, ya tashi.

Rana ta haura saman darni. Na hango wata 'yar fara a ƙasa, na kai hannu zan kamo in miƙa mata. Altine ya buge mini hannu.

“Ba a ba alƙali hanci.”

Na koma na tsuguna. Na ce, “Kai ka san ƙwai na tun hwarko?”

“Tun Baba na da rai. Da muna sake darni ko wace shekara, suna tahiya da tsohon kara, shi as sa ba ka lura ba. Da kad dasa lalle sai sunka samu gida.”

“Don mi ba ka hwaɗa mani ba?”

“Ta ina? Kai da ka jiran in tai masallaci ka shigo awa ɓarawon kaji? Ina ganinka kana yanke su, nic ce bari in ga inda bawan ga za shi da dukiya. Kuma dashenka kashin kaji yak kashe shi. Daga nan nika jin warinai.”

Ya ci gaba da ba ni labarinta ƙasa-ƙasa, kamar muna gulmar matar maƙwabci. Wai in ta girma rigarta takan matse ta, sai ta rataya kanta a reshe ta tsaga ta ta baya ta fito, ta bar tsohuwar fara fat, har da hannuwan. 'Ya'yan da na watsar a zaure kuwa, kaɗan ne za su rayu, don tun suna ƙanana suke cin junansu, ga ƙadangare, ga kaji. Namijin siriri ne, ya fi ta tashi sama, kuma in ya zo wurinta da sanɗa yake zuwa, don wani lokaci daga angwanci sai ta juya ta fara cinsa daga kai.

“Shi as sa nika girmama ta,” in ji shi. “Ko uwar ɗiyana ba ta kai nan ba.”

Zufa ta fara bin bayana. Ta tsakanin rassan lalle ina hango fangalina, saman ƙasar ya fara yin fari. Na ce, “Altine, na yi ma laihi.”

“Yi shiru, za ka kore mata abinci.”

Fara ce ta sauka a reshen, irin masu aske mana dashe. Ta tsaya tana cin ganye. Ƙoƙi-ƙoƙin ta juya kai, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye a hankali, ta yi lilo, ta sake ɗaga wata. Ni da ban taɓa roƙa wa ƙwaro sa'a ba, na ji bakina yana motsi. Ban ga kamun ba. Na dai ga fara a kan ganye, sai na gan ta a tsakanin hannuwan nan masu ƙayoyi kamar zarto, tana shure-shure. Ta fara ci daga bayan wuya, ba gaggawa, ta yar da fukafukai. Na yunƙura zan tashi, Altine ya riƙe mini riga.

“Ba a tashi alƙali bai wanke hannu ba.”

Ai kuwa da ta gama ta bi hannuwanta ɗaya bayan ɗaya da baki tana tsabtacewa, ta shafa fuska kamar kyanwa, ta sake naɗe su. Sannan Altine ya miƙe, ya je ya janye ƙayar da kalmensa, ya dawo ya kama jigo da kansa.

“Tai ka tare ƙorama. Yau ubangiji ka ja ma bawa ruwa, kak ka saba.”

Dashen ya sha, ya rayu. Ya makara, ban sami masu sayen farko ba, amma na sami na ƙarshe, kuma na bar wasu suka yi kai na cire iri.

Tun daga nan nake tsugunawa da safe kafin in taɓa ruwa, ko yanzu da inji ya maye jigo. Kada ku ɗauka ina cewa ƙoƙi-ƙoƙi za ta tsare muku garka ita kaɗai. Ba waliyyiya ba ce, abin da ya gifta shi take ci. In albasar iri ta yi fure, takan hau ta zauna tana kama ƙuda da zuma, su kuwa su ne masu sa furen ya yi 'ya'ya, sai in sa tsinke in ɗauke ta in mayar shinge. In feshi ya zama dole, fangalin da ke da ciwo kaɗai nake fesawa, ba na kusantar lalle, don maganin ita yake fara kashewa kafin fara. In ina rage rassa na ga ƙwai, nakan yanko reshen in soka shi a tsakiyar shinge inda kaza ba ta kaiwa. Altine ya tsufa, gwiwa ta hana shi tsuguno, a kujera yake zama. Har yau in baƙo ya zo sayen dashe sai ya leƙo ya ce masa ya yi hankali, mai garkar nan yana haɗawa da tsibbu.

Roƙona gare ku guda ne. In kun ga abin da ba ku gane ba a garkarku, kada ku kai shi wuta, kada ku kai shi zaure. Ku leƙa ta shinge ku tambayi maƙwabci, ko da shi ne kuke zargi. Ni na ci sa'a nawa taubashi ne. Ba kowa ke da maƙwabcin da zai mayar masa da ƙara wasa ba.